Fuskar Baran Sarki: Duban Farko ga Tallar Wasan Talabijin na Wolf Hall, Zango na Biyu

 

Abin da na kawo gabanku yau ƙarami ne a zahiri, domin bai wuce wata gajeriyar talla ba, irin wadda gidajen talabijin kan saki gabanin fitowar shiri don su kwaɗaitar da masu kallo, kamar dai yadda mai tsire kan yanko wa mai saye ɗan ɗanɗano daga gefen da ya fi maiƙo. Amma ƙanƙantar abin ba ta hana shi cancantar nazari ba, domin a bisa al'ada masu ganin talla sun fi masu zama su kalli shirin har ƙarshensa yawa, masu kallon shirin sun fi masu karanta littafin da aka ciro shi daga ciki, masu karanta littafin kuwa sun ninka masu haƙurin bin takardun tarihi ninki ba adadi. Saboda haka sau da yawa hukuncin da ya zauna a zukatan jama'a game da wani mutumin da ya shuɗe tun ƙarnoni, daga 'yan daƙiƙun nan ne da aka yanyanko aka harhaɗa ya samo asali, malaman tarihi kuma su zo daga baya suna ta faman gyara abin da ya riga ya kafu.

Tallar da nake nufi ita ce ta zango na biyu na wasan Wolf Hall, wanda aka sa wa suna The Mirror and the Light, wato Madubi da Haske, wanda kuma gidan BBC ya tsayar da ranar 10 ga Nuwamba 2024 don fara nuna shi, kashi shida kamar yadda zangon farko na shekarar 2015 ya kasance. Tushen wasan littattafai uku ne na marubuciya Hilary Mantel, waɗanda suka fito a 2009 da 2012 da 2020. Biyun farko kowanne ya ci kyautar Booker, ita ce kuma mace ta farko da ta ci wannan kyauta sau biyu, na ukun kuwa, mai kusan shafi 900, shi ne aka mayar wannan zango, alhali marubuciyar ta rasu a watan Satumba na 2022 ba ta ga an kammala shi ba. Mai ba da umarni shi ne Peter Kosminsky, wanda ya tsara maganganun wasan Peter Straughan, su ne kuma suka yi na farkon. Mark Rylance ya sake fitowa a matsayin Thomas Cromwell, Damian Lewis kuma a matsayin Sarki Henry na Takwas.

Wajibi ne in ɗan yi shimfiɗa ga waɗanda tarihin Ingila ba fagensu ba ne. Gidan sarautar Tudor ya riƙe ƙasar daga 1485 zuwa 1603, Henry na Takwas kuwa, wanda ya hau gado a 1509 ya rasu a 1547, shi ne wanda ya raba cocin ƙasarsa da Paparoma saboda an hana shi rabuwa da matarsa ta fari, Katherine 'yar sarakunan Sifaniya, wadda ba ta bar masa ɗa namiji rayayye ba. Mutumin da ya tsara masa dokokin wannan rabuwa a Majalisa, har aka kai ga dokar 1534 da ta naɗa sarki shugaban coci, shi ne Thomas Cromwell, ɗan wani maƙeri kuma mai dafa giya a Putney, wanda ya bar gida yana matashi ya yi yawon ƙasashen Italiya da kasuwannin Antwerp, ya komo ya zama lauya, ya yi wa Kadinal Wolsey barance har faɗuwarsa a 1529, sa'an nan ya haye daga hidimar uban gidan da aka tuɓe zuwa hidimar sarkin da ya tuɓe shi. Wannan zango ya ɗauki labarin daga ranar 19 ga Mayu 1536, ranar da wani hauni da aka ɗauko daga Calais ya sare kan sarauniya Anne Boleyn da takobi, ya kai shi ranar 28 ga Yuli 1540, ranar da aka sare kan Cromwell kansa da gatari a tudun da ke gefen Hasumiyar Landan. Tsakanin ranakun nan biyu shekara huɗu ce da 'yan watanni, a cikinsu aka ɗaura wa sarki aure da Jane Seymour kwana goma sha ɗaya bayan kashe Anne, aka yi babban boren arewacin ƙasar, Jane ta haifi Edward a Oktoban 1537 ta rasu cikin jego, aka rushe gidajen ruhubanawa fiye da 800 aka kwashe dukiyarsu, aka kuma ƙulla auren Anne ta Cleves wadda sarki ya ƙi jininta tun ganin farko.

To, a nan ne mai haɗa talla ya gamu da wata matsala wadda mai tallar ƙagaggen labari ba ya gamuwa da ita. Babu ɗan makarantar da ya karanta tarihin Tudor da bai san yadda Cromwell ya ƙare ba, saboda haka ba a iya jan mutane da alƙawarin wani ɓoyayyen ƙarshe. Abin da na lura an dogara a kansa a maimakon haka shi ne fuska, fuskar Mark Rylance, wadda kyamara kan matso ta tsaya a kanta tana jira, ita kuwa fuskar ba ta motsi sai kaɗan: gira mai kauri, ido mai saurare, baki a rufe. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma ga fuskar da aka tambaya ta ƙi ba da labari duka, ta ba da rabi ta riƙe rabi, shi ya sa mai kallo kan samu kansa yana cike gurbin da nasa tunani, abin da kuwa mutum ya cike da tunaninsa, da wuya ya ƙi shi daga baya. Ni dai na shaida cewa wannan dabara ta kama ni, kuma ina ganin ta kama duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai iko yana auna kowace kalma kafin ya furta ta. Kafin a kawo hujja ko ɗaya a kan mutumin, ko ta yabo ko ta zargi, mai kallo ya riga ya tsaya a bayansa yana jin tsoron abin da yake tsoro.

Yana da kyau mu ajiye wannan fuska kusa da wadda zamaninsa ya bar mana. Mai zane Hans Holbein, Bajamushen da ya yi aiki a fadar Henry, ya zana Cromwell wajen 1532 ko 1533: mutum ne kakkaura cikin baƙar riga mai gezar gashin dabba, yana zaune bayan tebur, ya damƙe wata takarda a hannun hagu, ga littafi da alƙalami a gabansa, idanunsa ƙanana suna duban gefe, leɓunansa sirara a matse. Wannan zane yana gidan adana kayan fasaha na Frick a birnin New York, inda aka daɗe ana rataye shi a gefe guda na murhu, a ɗaya gefen kuma zanen Thomas More, wanda shi ma Holbein ya yi a 1527, har ya zama kamar mutanen biyu suna fuskantar juna, wanda aka kashe a 1535 saboda ya ƙi rantsuwa a kan shugabancin sarki ga coci, da wanda ya bi da shari'arsa. Duk mai firasa da ya dubi zanen Holbein zai ga mutum mai tsananin hattara, amma da wuya ya ga tausayi. Rylance kuwa siriri ne, idonsa na ɗauke da wani irin baƙin ciki mai taushi. Zaɓen wannan ɗan wasa, tun ba a rubuta masa kalma ba, ya riga ya zama tafsiri a kan tarihi, tallar kuma ta ɗauki tafsirin nan ta miƙa wa jama'a shi tsagwaronsa, babu sharhi babu ta'aliƙi.

Akwai dalili na ilmi da ya sa mutumin nan ya zama mai sauƙin cikewa da zato, kuma Farfesa Diarmaid MacCulloch ya bayyana shi a littafin tarihin rayuwar Cromwell da ya wallafa a 2018. Sa'ad da aka kama Cromwell, hukuma ta kwashe takardunsa, su ne kuma suka wanzu har yau, dubbai, amma galibinsu wasiƙun da aka aiko masa ne: na masu roƙon muƙami, da masu kai ƙara, da masu tsegumi, da jakadu. Kwafin waɗanda shi ya aika kuwa kaɗan ne suka tsira, abin da ya sa malamin ya rinjayar da cewa mutanen gidansa ne suka hallaka su da suka ji an kama shi, don kada a samu abin kafa hujja. Ke nan muna jin muryar kowa yana magana da Cromwell, amma tasa amsar sai jefi-jefi. Wannan shiru na taskar takardu shi Mantel ta shiga ta cike da basirarta, shi ne kuma Rylance ya mayar shirun fuska. Ina ganin haƙƙin marubucin adabi ne ya yi haka, babu laifi a kansa. Sai dai haƙƙin almajirin tarihi ne shi ma ya riƙa tunawa cewa abin da aka zuba a gurbin ƙiyasi ne, komai kyansa, ƙiyasi kuwa ba ya hawa matsayin nassi.

Abu na biyu da ya ja hankalina shi ne haske. Tun a zangon farko masu shirin suka ɗauki wasu fitowar dare da hasken kyandir, a cikin tsofaffin gidaje na ainihi irin su Montacute da Penshurst da Lacock, har wasu masu kallo a Ingila suka yi ta ƙorafin cewa duhu ya yi yawa. Tallar nan ta nuna ba a sauka daga wannan tafarki ba: ɗakuna masu bangon katako, da hasken taga mai faɗowa gefe guda, da harshen kyandir da ke haska rabin fuska ya bar rabi a inuwa, da tufafi masu nauyi waɗanda ana ganinsu an san an ɗinka su bisa zanen zamanin. Wannan kyakkyawan aiki ne ƙwarai, na kuma yaba masa, domin yana koya wa ido abin da littafi ba ya iya koyarwa, wato cewa mutanen nan sun yi mulkinsu da ƙulle-ƙullensu a duniyar da dare yake dare, inda mai shigowa ɗaki ba a gane shi sai ya matso. Amma a nan ne kuma shubuhar take, kuma ita ce jigon wannan maƙala. Idan mai kallo ya ga an yi gaskiya a kan kyandir da hula da maɓallin riga, sai zuciyarsa ta saki jiki ta ɗauka an yi gaskiya a kan niyya da hali da alhaki, alhali waɗannan biyun ba hanyarsu ɗaya ba: na farko ana tabbatar da shi da zane da kayan tarihi, na biyu kuwa malamai suna saɓani a kansa har gobe. Wasan The Tudors da aka nuna daga 2007 zuwa 2010 ya bar Jonathan Rhys Meyers siriri kyakkyawa a matsayin Henry har tsufansa, ya kuma haɗe 'yan'uwan sarki mata biyu ya mai da su mutum ɗaya. Kurakuransa a fili suke, don haka mai hankali kan kalle shi da shirin ko-ta-kwana. Wasan da ya inganta zahirinsa irin Wolf Hall shi ne ya fi bukatar a tsaya a bincika baɗininsa, domin amanar da ake ba shi ta fi yawa.

Ibn Khaldun, a farkon Muƙaddimarsa, ya lissafta abubuwan da kan shigar da ƙarya cikin labaran tarihi, ya kuwa fara da ta'assubanci ga wani ra'ayi ko mazhaba, ya ambaci yawan amincewa da masu riwaya, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo. Wanda ya bi riwayoyin da aka yi a kan Cromwell zai ga kamar dominsa aka rubuta wannan babi. Kadinal Reginald Pole, wanda ya yi zamani da shi kuma aka hallaka danginsa, ya siffanta shi da manzon Shaiɗan kuma almajirin Machiavelli. John Foxe, a babban littafinsa na shahidan Furotesta da ya fito da Turanci a 1563, ya mai da shi gwarzon addini. Cocin Katolika ta naɗa Thomas More waliyyi a 1935, sa'an nan Robert Bolt ya rubuta wasan A Man for All Seasons, wanda aka mayar fim a 1966 ya ci kyautar Oscar shida, inda More ya fito mai tsarkin zuciya, Cromwell kuma mugun ma'aikaci mara imani. Wannan hoto ne ya zauna a kan mutane shekara arba'in da wani abu. A gefe guda kuma Geoffrey Elton, a littafinsa na 1953, ya riƙa cewa Cromwell ne ya fitar da mulkin Ingila daga hannun barorin gidan sarki ya mai da shi aikin ofisoshi da dokoki, ra'ayin da almajiransa da kansu suka rage masa ƙarfi daga baya. Mantel ta zo ta juya hoton Bolt: nata More mai tsanani ne, mai farautar waɗanda yake kira 'yan bidi'a, nata Cromwell kuwa mai haƙuri ne, mai riƙon amana, uban marayu, wanda mutuwar matarsa da 'ya'yansa mata biyu ta bar masa tabo. Malamai irin su Eamon Duffy sun yi inkarin yadda ta yi da More, wasu bishop-bishop na Katolika a Ingila ma sun yi magana a 2015. Kowane ɗaya daga cikin masu riwayar nan yana da gaskiyar da ya riƙe da wadda ya sake. Malamanmu na hadisi, da suka kafa ilmin jarhi da ta'adili, ba su karɓar tazkiyyar mutum daga masoyinsa kaɗai, ba su kuma karɓar sukarsa daga abokin gabarsa sai an bayyana sababi. Talla kuwa, bisa ɗabi'arta, tazkiyya ce daga masoyi.

Ba na son a fahimce ni da cewa babu gaskiyar tarihi a cikin abin da na gani. Akwai, kuma mai nauyi ce, tana ga yadda aka nuna sarki. Henry na Damian Lewis a wannan karo ya yi jiki, ya yi nauyi cikin tufafin alfarma, kwarjininsa kuma na mutumin da ba a san da wace fuska zai waye gari ba. Wannan ya dace da abin da aka sani: ya faɗo daga doki a wasan sukuwa a Janairun 1536, gyambon ƙafarsa ya riƙa tsananta, zuciyarsa ta ƙara saurin juyawa. Tsoron da ake gani a idon fadawansa ba ƙari ba ne. A watan Afrilun 1540 ya ɗaukaka Cromwell zuwa sarautar Earl na Essex, ranar 10 ga Yuni kuma aka kama shi a teburin majalisar sarki, inda jakadan Faransa Marillac ya ba da labarin cewa ya jefar da hularsa ƙasa don fushi, Duke na Norfolk kuma ya fizge lambar girma daga wuyansa. Daga kurkuku ya rubuta wa sarki wasiƙa wadda ya rufe da roƙon rahama har sau uku. Ranar da aka kashe shi ita ce ranar da sarki ya auri Catherine Howard, 'yar ɗan'uwan Norfolk ɗin nan, kafin shekara ta zagayo kuma jakadan ya rubuta cewa sarki yana zargin majalisarsa da sa shi hallaka bara mafi aminci da ya taɓa samu. Idan tallar ta sa mai kallo ya ji cewa kusanci da irin wannan sarki zama ne a bakin rami, to ta faɗi gaskiya.

Shekara tara da ta shiga tsakanin zangon biyu ita ma ta bar alamarta, ta kuwa yi wa wasan amfani ta inda ba a nufa ba. A labari ko yini ɗaya bai wuce ba, amma fuskokin sun tsufa: Rylance, wanda aka haifa a 1960, ya haura sittin, alhali Cromwell bai wuce kamar hamsin da biyar ba sa'ad da ya mutu, sai gajiyar da shekaru suka sa wa ɗan wasan ta zama kamar nauyin jinin Anne Boleyn ne ya sauko masa dare ɗaya. An sauya wasu 'yan wasa. Timothy Spall ne Norfolk a yanzu, a gurbin Bernard Hill wanda ya rasu a watan Mayu na 2024. Sunan Jonathan Pryce kuwa yana cikin jerin, a matsayin Wolsey, mutumin da ya mutu tun 1530, wanda hakan ke nuna cewa za a bi littafin wajen barin matattu su riƙa ziyartar tunanin Cromwell. Wannan ma wata ƙofa ce ta jawo tausayi, domin mutumin da aka nuna yana hira da uban gidansa da ya rasu, an riga an shaida masa da wafa'i.

An yi ta muhawara a kan sanya 'yan wasa waɗanda ba Turawa ba a matsayin wasu fadawa, kamar Amir El-Masry, ɗan asalin Masar, da ya fito a matsayin mawaƙi Thomas Wyatt. Ba zan daɗe a nan ba. Baƙaƙen fata sun zauna a Ingilar Tudor haƙiƙatan: John Blanke, mai busa ƙaho a fadar Henry, yana cikin zanen bikin sukuwa na Westminster na 1511 da rawani a kansa, Miranda Kaufmann kuma ta tattara labaran irinsa a littafinta na 2017. Amma masu busa ne da masaƙa da ma'aikatan jirgi, ba su kasance cikin manyan gidajen sarauta ba, kuma ni a ganina ba da labarin John Blanke kansa ya fi zama adalci gare mu da a ba wa jikokinsa aron rigar wani. Duk da haka wannan sauyi ne da ido ke gani, mai kallo ya san an yi shi, don haka haɗarinsa bai kai na sauyin da ake yi wa zukata ba.

Abin da talla ba ta da wurinsa shi ne mizani, mizanin Cromwell kuwa yana da kaya a kowane gefe. Da umarninsa na 1538 aka wajabta wa kowace coci rubuta baftisma da aure da jana'iza a littafi, abin da masu binciken asali ke cin moriyarsa har yau. Da ƙoƙarinsa da kuɗinsa aka buga babban Baibul na Turanci a 1539, aka ajiye shi inda talaka zai iya karantawa da harshensa. A ɗaya gefen akwai maza biyar da aka kashe ranar 17 ga Mayu 1536 bisa tuhumar zina da sarauniya Anne Boleyn, cikinsu har da ɗan'uwanta George, tuhumar da mafi yawan malamai, irin su Eric Ives, suke ganin ƙulli ce. Akwai mutanen arewa da suka tashi a Oktoban 1536 ƙarƙashin lauya Robert Aske, suna neman a bar musu gidajen ibadarsu a kuma kori Cromwell daga majalisa, aka lallashe su da alƙawarin afuwa, daga baya aka kashe kimanin 200, Aske kuma aka rataye shi da sarƙa a York. Akwai kuma wata 'yar takardar tunatarwa da Cromwell ya rubuta wa kansa a 1539 game da Richard Whiting, dattijon da ke shugabantar gidan ruhubanawa na Glastonbury, inda ya ajiye cewa a yi masa shari'a a can, a kuma kashe shi a can, duka a layi ɗaya, tun alƙali bai zauna ba. An kuwa ja tsohon nan zuwa kan tudun da ke bisa garin a watan Nuwamba aka rataye shi. Wannan takarda na daga cikin wuraren da muka ji muryar mutumin da kansa, ba ta bakin masoyi ko maƙiyi ba, kuma ba ta yi kama da fuskar da tallar ta nuna mini ba. Mai yiwuwa ne mutum ɗaya ya ɗauki duka biyun, tausayin gida da bushewar zuciyar ofis, ina ma zaton haka abin yake. Amma wasan da ya isa a kira shi babba shi ne wanda zai sa mai kallo ya ga hannun da ya rubuta layin nan, ya kuma gane cewa hannun mutumin da yake ƙauna ne.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a fagen fasaha Larabar nan ta yi kyau, ba ni da shakka. A fagen insafi kuwa ina da ma'auni ɗaya da zan riƙe idan na zauna kallon kashi shidan, shi ne Margaret Pole, wadda Harriet Walter ta fito a matsayinta. Wannan baiwar Allah 'yar ɗan'uwan sarakuna biyu ce na gidan da Tudor suka gada, Edward na Huɗu da Richard na Uku, ita ce kuma mahaifiyar Kadinal Pole. A watan Mayu na 1539, bayan an riga an kashe babban ɗanta, aka kawo wa Majalisa dokar da ke yanke wa mutum hukuncin cin amanar ƙasa ba tare da an gurfanar da shi gaban alƙali ba, Cromwell kuma ya tashi a zauren dattawa ya ɗaga wata farar rigar alharini da aka ce an samo cikin kayanta, mai ɗinkin raunuka biyar na Almasihu, alamar da 'yan boren arewa suka ɗauka a tutarsu, wannan riga ita ce hujjar da aka nuna. Ba a tambaye ta ba a zauren, ba a ba ta damar kare kanta ba, aka kulle ta a Hasumiya har aka sare ta a 1541 tana da shekara 67. Da irin wannan doka ce, ba tare da shari'a ba, aka hallaka Cromwell wata goma sha huɗu bayan ya ɗaga rigar. Na tabbata wasan zai sa mu ji zafin rashin adalcin da aka yi masa, domin tallar ta riga ta yi wannan alƙawari. Abin da zan duba shi ne ko kyamarar da ta iya tsayawa a kan fuskarsa tana jira za ta tsaya haka a kan fuskar tsohuwar nan, ta ba ta daidai lokacin da ta ba shi.